Hannun da Ya Fara Taɓa Kwikwiyo

Da wuya a sami batun da ɗan boko Bahaushe zai fi saurin yi wa dariya kamar batun wankan kare. Da jin maganar, hoton da ke faɗo masa a rai shi ne na Baturiya ta durƙusa gaban baho, tana cuɗa wata 'yar karya mai gashi buzu-buzu, ga tawul ga turare. Sai ya kaɗa kai ya ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. To amma a garuruwa irin Lajawa, cikin ƙaramar hukumar Wudil, an daɗe ana yi wa karnuka wanka, sai dai ba da wannan suna ake kiransa ba. Magani ake ce masa. Idan kaska ta cika kunnen kwikwiyo, ko gashinsa ya fara zubewa, sai a aiki yaro ya samo kananzir, ko baƙin mai daga wurin bakanike, ko ragowar maganin feshin wake, a kama ɗan karen a shafe shi tun daga ƙeya har wutsiya. In an tausaya masa, a bi da ruwan omo.

Wannan wanka yana kashe kwiyakwiyai, kuma wanda bai kashe ba yana koya masa darasin da ba ya mantawa har tsufansa: hannun mutum abin gudu ne. Illa ta biyun ta fi ta farko girma, domin tana komowa kan 'ya'yan masu karen.

Kare a ƙasar Wudil ma'aikaci ne. Shi ke gadin gona da garke, shi ke bin makiyayi, shi ke shiga gaba idan an kawar da amfanin gona mafarauta sun fita daji. Waɗannan ayyuka uku, wato farauta da kiwo da tsaron shuka, su ne hadisi ya ambata da sunansu a cikin dalilan da suka halatta riƙon kare, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka gina karatun zaure na ƙasar Hausa, tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kamar sauran abubuwa masu rai. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki, a wurin malaman mazhabar, umarni ne da ake bi don bauta. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tafi a kan najasarsa, kuma mutane da yawa a yau sun fi natsuwa da wannan fahimta. Saɓani ne na malamai, tsoho ne, ba a nan za a warware shi ba. Abin lura shi ne babu ɓangaren da ya ce a ƙona fatar dabbar da aka ajiye don ta yi wa mutum aiki. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa yana cikin Buhari da Muslim, kuma kowane ɗan makarantar Islamiyya ya taɓa jin sa.

Mafarin kuskuren shi ne zaton da ake yi cewa fatar kare ta fi ta mutum ƙwari, tunda yana kwana a ƙasa, yana kutsawa cikin ƙaya da ƙarangiya. Gashin ne ke ruɗar ido. Rufin fata na sama a jikin mutum yana da sahu 10 zuwa 15 na ƙwayoyin halitta. Na kare kuwa 3 zuwa 5 ne kacal, kuma na kwikwiyo ya fi na babba laushi. Abin da ke kāre wannan siririyar fata shi ne gashi da wani maiƙo da jiki ke fitarwa daga gindin kowane gashi. Maiƙon nan shi ke sa gashin lafiyayyen kare sheƙi, shi ke hana ruwa fita daga fata, shi ke tare ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa. Omo kuwa an yi shi ne musamman don ya narkar da maiƙo daga tufafi da tukwane, kuma ba ya bambance maiƙon miya da na fata.

Akwai kuma maganar ma'aunin da masana ke kira pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14. Bakwai ce tsakiya. Abin da ya yi ƙasa da ita yana ɓangaren tsami, kamar lemon tsami, abin da ya haura yana ɓangaren kanwa da ruwan toka. Fatar mutum tana wajen 5.5, ta kare tana kusa da 7, garin omo kuwa idan an jiƙa shi yana kai 10 ko fiye. Ma'aunin ba na tsani ba ne mai taki ɗaya-ɗaya: kowane mataki ninki goma ne na wanda ke ƙasa da shi. Sabulun salo ma, duk da kyakkyawan sunan da yake da shi a wurin mata, da toka ake haɗa shi, don haka yana can ɓangaren kanwa. Kwikwiyon da aka cuɗa da irin waɗannan yakan fito fes a ido, bayan 'yan kwanaki fatar ta bushe ta fara furfura, ya kama susa, susa ta zama ƙuje, ƙuje ta zama gyambo, ƙuda ya samu wurin zama. Mai shi ya duba ya ce ƙazwa ce, ya aika a kawo baƙin mai.

Kananzir da baƙin mai sun wuce batun bushewar fata. Kananzir yana ƙona ta kai tsaye, baƙin mai kuma yana ɗauke da duk dattin da inji ya tara, har da ƙarafa masu guba. Kare dabba ce mai lasar jikinta, saboda haka abin da aka shafa masa a baya, kafin la'asar ya isa cikinsa. Izal da Dettol da ake ɗiga wa ruwan wanka su ma ba don fatar kare aka yi su ba, kuma dabba na iya lasar su ta cutu. Mafi muni shi ne fiya-fiya da 'yan uwanta masu sinadarin DDVP, wanda ke cikin Sniper. Wannan guba tana ratsa fata ba sai an sha ta ba, tana hana jijiyoyi hutawa. Haɗarinta ga mutane ne ya sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwanni a shekarar 2019. Kwikwiyo yana da faɗin fata mai yawa idan aka gwada da nauyinsa, hantarsa kuma ba ta gama nuna ba, don haka ɗigon da babban kare zai sha wuya ya tashi, shi yakan tafi da shi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Alamomin wannan guba sun cancanci a tsaya a kansu: dalalar miyau, makyarkyata, amai, zawo, tangaɗi, wani lokaci farfaɗiya. Duk wanda ya ga kare yana zubar da miyau yana tangaɗi a tsakiyar gari ya san abin da jama'a za su kira shi, ya kuma san abin da zai biyo baya da sanduna da duwatsu. Alhali gubar tana da makari, allurar atirofin, wadda likitan dabbobi ya san ta, matuƙar an wanke dabbar da ruwa mai yawa an garzaya da ita. Kuma a tuna wane ne ya yi shafin tun farko. Ba maigida ba ne. Yaro ne ɗan shekara goma ko sha biyu, da hannunsa tsirara, wanda daga nan zai je ya sa hannun a kwanon tuwo.

Abin takaici, duk wannan azaba ba ta ma kawar da kaska. Jar kaskar kare, wadda ta fi yawa a gidaje, ba a jikin kare take yin yawancin rayuwarta ba. Sau uku take hawa ta sha jini, sau uku take sauka, kuma tsakanin hawa da hawa tana ɓuya ne a tsagar katanga, da ƙarƙashin tarkace, da ramukan da ke gindin bango. Mace guda idan ta ƙoshi ta faɗo tana zuba ƙwai dubbai. Wanda ya shafe kwikwiyo da guba ya mayar da shi makwancinsa na jiya, ya kashe 'yan ƙalilan ɗin da ke kansa ne ya bar rundunar da ke cikin bango. Yaƙin kaska a makwanci ake yin sa: a share, a ƙone tsummokaran da suka tsufa, a yaɓe tsagogi, idan feshi za a yi a fesa bango bayan an fitar da dabbobi da yara, a bari ya bushe. Haka batun tsutsar nan da ke fitowa a fatar kwiyakwiyai kamar maruru, musamman da damina. Wani ƙuda ne ke zuba ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, a inuwa, tsutsar ta huda fatar mai kwanciya a wurin. Maganinta basilin a bakin ramin, ta rasa iska ta leƙo a matse ta a hankali, sannan a sauya wa ɗan karen wurin kwana mai bushewa.

Kaskar da ke jiki kuwa da hantsaki ake cire ta. A kama ta daf da fata, a ja a miƙe ba tare da murɗawa ba, kada a fasa ta da farce. A nan ne kananzir yake da aiki na gaskiya: a zuba kaɗan a gwangwani, a riƙa jefa kaskar a ciki. Yana da kyau a ɗaga leɓen kwikwiyon a duba dasashinsa. Idan ja ne, da sauƙi. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, ko don yawan kaska da ƙuma, ko tsutsar ciki, ko cutar da kaska ke sa wa jini, kuma wannan ya fi ƙarfin wanka kowane iri.

Wankan kansa, idan an tashi yin sa, abu ne mai sauƙi har ya kusa ba da kunya a rubuta. Kafin kwikwiyo ya cika mako takwas ba a tsoma shi a ruwa, domin jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Uwarsa na wanke shi da harshe, abin da ya rage tsumma mai ɗumi ya isa. Bayan haka, ruwa ya zama mai ɗumi-ɗumi, wanda idan an sa gwiwar hannu ba a ji zafi ba, ba a ji sanyi ba. Lokaci kuwa hantsi, bayan rana ta ɗaga. Wankan asuba a cikin hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa daga arewa, yana iya kashe ɗan kare ko da ruwan zalla ne. A fara taje gashin da buroshi mai laushi, a jiƙa daga wuya zuwa baya, a bar fuska sai da tsumma, kada ruwa ya shiga kunne. In akwai sabulun ruwa na karnuka, wanda aka rubuta ya dace da ƙanana, a yi amfani da kaɗan. In babu, na jarirai da aka sirka da ruwa zai yi sau ɗaya-ɗaya. In shi ma babu, ruwan kawai. Ɗauraya ta fi cuɗa muhimmanci, domin ragowar kumfa ita ke kawo ƙaiƙayi. A tsane shi da tsumma sosai, a ajiye shi inda iska ba ta bugawa har ya bushe. Karen gida na ƙasar Hausa mai gajeren gashi ne, ba ya bukatar wannan fiye da sau ɗaya a wata, sau da yawa ma bai kai haka ba. Abin da yake bukata kullum shi ne taza da dubawa: bayan kunne, tsakanin yatsu, hammata, gindin wutsiya. Baho da tsumman su zama nasa shi kaɗai, a yi nesa da rijiya da wurin alwala, mai wankan ya wanke hannunsa da sabulu idan ya gama. Wannan ya gamsar da mai tsantseni ta fuskar addini, ya kuma dace da shawarar likita, tunda makero da ƙazwar kare suna iya kama yara.

Za a ce sabulun karnuka kayan kantunan birni ne, kuma mutumin da ke lissafin kuɗin taki ba zai saya ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa nauyin maganar bai rataya a kansa ba. Omo da kananzir da fiya-fiya duk da kuɗi ake sayen su. Ruwan ɗumi da tsumma da hantsaki kusan kyauta ne. Hanyar da ba ta cutarwa ita ce ma mafi araha.

Saura babban dalilin. A wani bincike da ya ɗauki shekaru fiye da goma a Bar Harbor, cikin jihar Maine ta Amurka, wanda aka buga a 1965, John Paul Scott da John Fuller sun nuna cewa akwai wani taƙaitaccen lokaci a rayuwar kare, daga wajen mako na 3 zuwa na 12, da yake yanke hukunci a kan abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro. Wanda ya saba da hannun mutum a cikin waɗannan makonni yakan zama mai kamuwa. Wanda bai saba ba, ko ya saba da shi ta hanyar azaba, gyaransa daga baya aiki ne ja. Mafarautan ƙasar Hausa ba su jira Bature ya gaya musu wannan ba, shi ya sa nagari a cikinsu ke ɗaukar kare tun yana ɗan mitsitsi, su ci tare da shi a gefe, su riƙa shafa shi suna kiran sunansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A jera kwanakin a ga yadda suka haɗu. Wankan farko yana faɗowa ne bayan mako na 8, wato a cikin watan ƙarshe na wancan lokaci. Allurar rigakafin haukan kare kuma ana fara ta ne idan kwikwiyo ya cika wata uku, daidai lokacin da ƙofar ke rufewa. Ke nan abin da ya faru a bakin baho shi zai nuna ko karen zai tsaya a yi masa allura, bana da baɗi da kowace shekara, ko kuwa da ganin mutum ya nufo shi da wani abu a hannu zai tsallake darni.

Ciwon haukan kare, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samu, kuma kimanin kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamu suka bayyana, kusan babu mai tashi. Hanyar da aka tabbatar tana yanke cutar ita ce a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, a kuma ci gaba da yi. A kan wannan aka gina burin da hukumomin duniya suka sa na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta cizon kare kafin 2030, kuma don tunatarwa ake ware ranar 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895. Nijeriya ba baƙuwar allurar ba ce. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana haɗa ta. Ana yawan kukan ƙarancin allura da ƙarancin ma'aikata, kuma kukan yana kan hanya. Amma ko an cika motar ma'aikata da allura an kai ta ƙofar gidan dagaci, kashi 70 ba za su samu ba idan masu karnukan da kansu ba sa iya kama su. Ma'aikacin dabbobi ba zai bi kare da gudu cikin karan dawa ba. Sai an riƙe masa, kuma mai riƙewa galibi shi ne yaron nan da ya yi shafin kananzir. Karen da ke tsoron hannu kuma shi ne ya fi saurin kai cizo idan an ƙure shi, kuma wanda ke ƙure shi, nan ma, yaro ne.

Gyaran ba ya bukatar sabuwar hukuma. Mutanen Lajawa da kewaye suna cin kasuwar Wudil ranar Juma'a, inda kara ke tara shanu da masu sayar da magungunan dabbobi. A irin waɗannan rumfuna ake sayen maganin kaskar shanu, a rage kaɗan a kai wa kare. Mai rumfar da ya tambayi watannin kwikwiyo kafin ya miƙa kwalba ya yi rabin aikin. Amitiraz, alal misali, yana aiki a jikin babban kare idan an sirka shi daidai, amma ba a sa wa wanda bai kai wata huɗu ba. Fifronil, wanda ke cikin Frontline, ana amfani da shi a jikin karnuka, kuma nau'insa na ɗigawa a ƙeya ana fara shi daga mako takwas. Ƙazwa ta gaskiya tana da allura da ƙwayoyi masu warkar da ita, amma awon su da nauyin dabba ake yi, aikin malamin dabbobi ne. Ƙungiyoyin mafarauta suna da shugabanni da ake jin maganarsu, kuma su ne suka fi kowa asara idan kare mai kyau ya mutu yana ƙarami. Wudil tana da jami'a, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, mai tsangayar aikin gona, ɗalibanta kuma suna fita ƙauyuka aikin koyo. Bayanin da ke sama bai fi a yi shi cikin minti goma a gindin bishiya ba.

Sabulun wanki ma yana da ranarsa a wannan sha'ani. Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, kowane irin sabulu ne ya samu, omo ko salo ko na wanka. Kada a ɗaure, kada a tsaya neman gashin karen don a ƙona a shafa. Daga nan sai asibiti a ranar, don a fara allurar mutane, shi kuma karen a tsare shi kwana goma ana lura da shi.